Makullin Malam Dabo

Alhamis, 3 ga Agusta, bayan la'asar

Na iso Tudun Buwai da azahar. Motar Makoda ta daɗe a tasha ba ta cika ba, tun da fetur ya yi tsada mutane sun rage tafiya. Daga bakin titi na hau acaɓa. Gero ya fi ni tsawo a hanyar rafi, gyaɗa ta rufe ƙasa, ko'ina kore shar.

Na ce wa su Inna an rufe sashenmu na ɗan lokaci. Ba ƙarya na yi ba, an rufe ɗakin gwaje-gwaje. Baba ya yi murna, ya ce Injiniya ta dawo daidai lokacin zuba taki. Inna dai ta dube ni, ta dubi jakata, ta ce ɗalibar ajin ƙarshe da hutu a tsakiyar zango, to, Allah ya sa lafiya. Na ce lafiya lau.

Darbejiyar ƙofar gida tana ta zubar da 'ya'ya. A nan na tsinci 'ya'yan, buhu guda, da na kai makaranta wata biyu da suka wuce. Na zagaye ta na shiga gida.

Ni ko ƙwarzane babu a jikina.

Juma'a, 4 ga Agusta, da hantsi

Na yi shara, na yi wanke-wanke, na ɗebo ruwa sau uku. Randa ta cika tun a na biyu.

Asabar, 5 ga Agusta, da yamma

Yau ranar matsar mai ce. Ƙawar Inna, Baturiya, ta zo daga unguwarsu tun da safe, don gobe tana coci. Ita da Inna sun fi shekara ashirin suna yin man gyaɗa tare. Na taya su ɓarar gyaɗa da sheƙewa, na kai markaɗe. Da aka zo wajen tuya na koma bakin rumbu na zauna. Inna ta kira ni in iza wuta, na ce hayaƙi yana damun idona.

Daga nan nake kallonsu. Baturiya tana juya tunkuza a turmi, Inna tana zuba ruwan zafi kaɗan-kaɗan, man yana tasowa. Ba ma'aunin zafi, ba sikeli, amma Inna ba ta taɓa wuce gwargwado ba. Shekara biyar ina karanta yadda ake raba wani abu da wani, mai da ƙwaya, gishiri da ruwa, kananzir da ɗanyen mai, ina lissafin girman tukunya da tsawon bututu a takarda. Har yanzu in na ga man nan ya taso sai na ji daɗi a raina, kamar ranar da na fara gani.

Baturiya ta tambaye ni wai da gaske ne magani nake koyon haɗawa. Na ce a'a, masu magani daban, mu namu shi ne yadda za a yi abu da yawa a masana'anta ba tare da ɓarna ba. Na ba ta labarin aikinmu na kammalawa, ni da ƙawata Rahmatu 'yar Ungogo, na tatsar mai daga 'ya'yan darbejiya don feshin ƙwari a gona. Mu ba matsa muke yi ba, wani ruwa muke jiƙa garin da shi, hekzen sunansa, ya janyo man, sannan a dumama ruwan ya tashi ya bar mai a kwalba. Ta ce ruwan sha ne? Na ce a'a, ɗan'uwan fetur ne.

Ta ce to ina ƙawar tawa, ban zo da ita ba? Na ce tana gida.

Litinin, 7 ga Agusta, bayan azahar

Na kira wayar Rahmatu. Ummanta ce ta ɗauka. Na gaishe ta, ta amsa, ta ce tana barci. Na ce yaya hannun. Ta ce da sauƙi, likitoci suna wankewa kullum. Na tsaya ina neman abin da zan ƙara, sai na ji ta kashe.

A zauren 'yan ajinmu na waya an rubuta cewa an dakatar da Malam Dabo daga aiki har sai kwamiti ya gama bincike. Shi ne mai kula da ɗakin gwaje-gwajen sashenmu. Ya fi yawancin malamanmu daɗewa a wurin, wata bakwai ya rage masa ya yi ritaya. Wasu suna cewa an zalunce shi, wasu suna cewa ai sakaci ne. Ban rubuta komai ba.

Laraba, 9 ga Agusta, da safe

Yau mako biyu da faruwar abin.

Alhamis, 10 ga Agusta, da hantsi

Na fito da littattafai na zauna a inuwar zaure. Na yi lissafin tafiyar zafi ta bangon tukunya guda huɗu, uku sun fita daidai. Hannuna ya san hanyar, ba sai na yi tunani ba.

A bayan littafin akwai jadawalin ruwaye masu kama wuta. Ban buɗe ba, na san abin da ke ciki tun ina aji biyu. Ranar da muka fara shiga ɗakin gwaje-gwaje Malam Dabo ya tsayar da mu a bakin ƙofa, ya ɗaga kwalbar hekzen ya ce wannan ba ya jiran wuta ta zo gare shi, tururinsa ne yake bin tebur ya je ya same ta. Ya ce a murhun lantarki kaɗai ake dumama shi, wanda ya kawo masa ko ashana ɗakin nan ba zai sake shiga ba. Mun yi dariya don yadda ya zaro ido.

A lokacin kwana tara ba wutar lantarki a makaranta. Janareton sashe ba mai. Ranar miƙa sakamako tana matsowa, malamin da ke duba aikinmu ya ce shi ba ruwansa da wuta, lambobi yake son gani. Duk wannan gaskiya ne. Na rubuta shi ne don gaskiya ne, ba don komai ba.

Asabar, 12 ga Agusta, bayan la'asar

Na bi Baba gonar fadama. Takin zamani bana bai samu da yawa ba, don haka da murfin kwalba muke aunawa, gindi ɗaya murfi ɗaya, mu rufe da ƙafa. Ya tambaye ni abin da ya sa farin takin yake dunƙulewa a buhu. Na ce danshi yake sha daga iska, ya riƙa ɗaure bakin buhun ya ɗora a kan katako. Na ce kuma kada ya bar shi a fili ba rufi, rana za ta kwashe amfanin. Ya tsaya ya riƙe ƙugu yana murmushi, ya ce ashe abin da yake yi da ka yana cikin littafi.

Ya ce a masallaci Malam Uwaisu mai shago ya tambaye shi ko matatar mai za ni in na gama. Shi kuma ya ce masa 'yarsa kamfanin taki za ta, ta yi wa talaka mai araha.

Na so in yi magana a lokacin. Muna mu biyu, ba kowa sai balbela. Na ci gaba da cika murfi.

Litinin, 14 ga Agusta, da azahar

Saƙo ya shigo daga sakataren kwamiti. Za su zauna Alhamis 24 ga wata, ƙarfe goma. Suna so in zo in maimaita bayanin da na yi wa shugaban sashe, in sa hannu.

Bayanin gajere ne. Na ce mun zo mun tarar da ƙofar a buɗe. Na ce ban tuna yadda risho ya shigo ɗakin ba.

Malam Dabo yana rataye makullinsa a wata ƙusa, bayan kalanda, a ƙaramin ofishinsa. In zai je sallar azahar ba ya kulle ofishin. Ɗalibai kaɗan ne suka san ƙusar nan, ina cikinsu.

Rishon kore ne, hannunsa ɗaya a ɗaure da waya. Inna ce ta saya min shi ranar kasuwa shekarar da na sami gurbi.

Talata, 15 ga Agusta, da yamma

An wuni ana ruwa. Kaji sun taru a ƙarƙashin rumbu. Ban fita ba.

Alhamis, 17 ga Agusta, bayan la'asar

Ina tsinke zogale waya ta yi ƙara, na ga sunan Malam Dabo. Na bari ta katse. Ta sake yi, na ɗauka.

Ya gaishe ni kamar kullum, ya tambayi mutanen gida da damina. Ya ce jiya ya je asibiti, hannun dama na Rahmatu yana kamewa, na hagun ne sai an yi mata dashen fata. Ya ce littafin da muke rubuta sakamako yana wurinsa, gefe ɗaya ne ya babbake, lambobin duk suna nan. Na tambaye shi nasa hannun, don na ji an ce shi ma wutar ta taɓa shi wajen kashewa. Ya ce ɗan kaɗan ne, ya warke.

Na ce, Malam, me ka ce wa kwamiti?

Ya ce, "Na ce musu na tsufa, ba zan iya rantsuwa na kulle ko ban kulle ba. Ke dai ki kula da karatunki, Zulaihatu. Saura kaɗan ki gama."

Bai ambaci ƙusa ba. Bai ambaci kalanda ba. A shekara biyar ban taɓa ganin ya bar ƙofar nan ba tare da ya girgiza kwaɗon sau biyu ba, shi ma ya san na sani.

Na gama tsinke zogalen. Inna ta ce na haɗa da itatuwan.

Juma'a, 18 ga Agusta, bayan sallar Juma'a

Inna ta kwashe kayana za ta wanke, ta tarar da hijabin da na sa ranar a ƙasan jaka, a ƙulle cikin leda. Bai ƙone ba, warin ne bai fita ba. Ta shigo da shi ɗaki ta zauna a bakin gado. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce kwana goma sha biyar ina gidan nan ban matsa kusa da murhu ba, ni da nake tuƙa tuwo tun ina 'yar shekara tara. Ta ce, wa ya ƙone?

Na ce Rahmatu. Na gaya mata wani abu, na bar wani. Ta saurara har na yi shiru, sannan ta tambayi ina rishona.

Ta ninke hijabin ta ɗora a cinyarta. Ta ce ita ba za ta kai wa Baba maganar ba, ba kuma za ta ɓoye masa in ya tambaya ba. Ta ce in zaɓi rana.

Ni ko ƙwarzane babu a jikina. Na gaya mata haka, ban san dalili ba. Ta ce ta gani.

Lahadi, 20 ga Agusta, da azahar

Na kai wa Baba fura gonar tudu. Na jira ya sha, ya wanke hannu. Na faɗa masa duka, daga makulli har risho har abin da na ce wa shugaban sashe. Abu ɗaya ne ban faɗa ba, shi ma bai tambaya ba.

Ya daɗe yana kallon dawa. Sannan ya tambaye ni mutumin nan, Malam Dabo, yana da iyali? Na ce yana da su, akwai ma 'yarsa a ajin farko a makarantarmu. Ya tambayi abin da za a yi masa in na maimaita maganar farko. Na ce za a iya korarsa, ya tafi ba komai bayan shekara talatin da wani abu. Ya ce in kuma na faɗi ta biyun? Na ce ni za a iya kora.

Ya ce, "Shi ya ce ki yi shiru?"

Na ce bai faɗa da baki ba, amma ya buɗe min hanya.

Ya ce, "To, ya yi nasa."

Ya ɗauki fartanya ya koma kunya. Na tattara ƙwarya na dawo gida.

Litinin, 21 ga Agusta, da yamma

Baba bai yi min magana ba yau. Ya amsa gaisuwa, shi ke nan. Bai je hira ƙofar shagon Malam Uwaisu ba.

Talata, 22 ga Agusta, da hantsi

Na rubuta bayani biyu a takarda biyu, don in ga yadda kowanne yake a ido. Na farko layi uku ne. Na biyu ya cika shafi ya juya baya. Na karanta na farkon sau da yawa, babu kuskure a cikinsa, zai wuce.

Ina son karatun nan. Ban taɓa rubuta wannan ba ko a nan. A ajinmu mata shida ne cikin mutum saba'in, daga ƙauye kuwa ni kaɗai. Ranar da na fara ganin hasumiyar tace mai ta gwaji tana aiki, ruwa yana tashi ya zama tururi, yana sauka ɗigo-ɗigo a tsarkake, na tsaya har aka tashi ban sani ba. Malam Dabo ne ya bar ni na ƙara rabin awa, yana zaune yana jira da makulli a hannu.

Laraba, 23 ga Agusta, bayan la'asar

Baba ya leƙo ya ce in shirya, gobe da asuba za mu kama hanya. Na ce zan iya zuwa ni kaɗai. Ya ce ya sani. Inna ta fito masa da farar rigarsa ta Juma'a tana gogewa.

Bai tambaye ni wacce takarda zan ɗauka ba. Na sa ta farkon a murhu da hannuna. Inna tana wurin, ta matsa min na tsugunna.

Juma'a, 25 ga Agusta, da safe

Mun je mun dawo.

Baba bai taɓa shiga jami'a ba sai jiya. Ya cire takalmi a ƙofar ofishin sashe, masinja ya ce ya mayar. Malam Dabo yana zaune a benci a baranda, hannunsa na dama a naɗe da bandeji har gwiwar hannu. Ashe ba ɗan kaɗan ba ne. Baba ya je ya durƙusa zai gaishe shi, shi kuma ya yi sauri ya tashe shi. Na bar su a benci ɗaya.

Mutum biyar ne a ciki. Na ce ina so in janye bayanina na farko. Na karanta na biyun a tsaye. Wata malama ta tambaye ni ko wani ne ya sa ni canzawa, na ce a'a. Shugaban kwamitin ya tambaya ko na san abin da hekzen yake yi kusa da wuta. Na ce na sani, an koya min, a ɗakin ma aka koya min. Ya tambayi inda nake lokacin da Malam Dabo ya iso a guje. Na ce a waje. Ya jira ko zan ƙara, ban ƙara ba, ya rubuta.

Da na fito Malam Dabo ya dubi fuskata ya gane. Ya girgiza kai ya ce, kai, yarinyar nan. Sannan ya miƙo min littafin sakamakon a leda.

A mota Baba ya sayi dafaffen ƙwai biyu ya ba ni duka.

Laraba, 30 ga Agusta, da yamma

Shiru daga kwamiti. An fara cin ɗanyar masara.

Laraba, 6 ga Satumba, bayan azahar

Takarda ta fito. An dakatar da ni shekara guda, in na koma zan sake aikin daga farko. Malam Dabo zai koma bakin aiki ranar Litinin da takardar gargaɗi kan inda yake ajiye makulli. Rahmatu an ɗaga mata har ta warke.

Na karanta wa Baba a zaure. Ya ce Alhamdu lillahi, ya ce shekara ba ta da yawa. Da la'asar ya fita hira. Ban san abin da ya gaya musu ba.

Asabar, 9 ga Satumba, bayan magariba

Na je Ungogo. An sallamo Rahmatu tun makon jiya. Daga titi na shiga A Daidaita Sahu har bakin layinsu, inda gonaki suka ƙare gidajen bulo suka fara. Inna ta ba ni galan ɗin man gyaɗa da ƙuli-ƙuli in kai.

Umma ce ta buɗe. Ta amsa sallama, ta karɓi kayan ta ajiye a gefe, ta nuna min ɗaki da haɓa.

Rahmatu ta rame. Hannun dama a buɗe yake, fatar sabuwa, ja-ja, tana sheƙi. Na hagun a naɗe, a kan matashi. Mun gaisa kamar baƙi. Na ce mata na je kwamiti, ta ce ta ji. Na ce akwai abin da ban faɗa musu ba, ban faɗa wa kowa ba.

Ta ce, "Na gan ki lokacin da kika fita. Na kira ki."

Na ce na ji.

Ta dubi hannunta. Ta ce a asibiti ta yi fushi da ni sosai, har ta hana a ba ta waya in na kira. Ta ce har yanzu wani lokaci yana tasowa, ba za ta yi min ƙarya ba. Ta ce amma ita ta ƙyasta ashanar, kuma ita ma ta ji gargaɗin Malam Dabo a aji biyun nan. Na fara ba ta haƙuri, ta ce in bari sai wani zuwan, yau ta gaji.

Sai ta ture ɗankwalinta da bayan hannu. Kitson tun na kafin ranar ne, ya cukurkuɗe, ta ce ba ta bari kowa ya taɓa ba, Umma tana ja da zafi. Ta ce in tsefe mata.

Na zauna a bakin gado, ta zauna a ƙasa tsakanin ƙafafuna, hannun a kan matashi. Na tsefe a hankali, na wanke mata a baho, na shafa mai, na fara kitso. Ni ban iya kitso sosai ba, ta sani. Muna layi na huɗu Umma ta shigo da kwanon abinci, cokali biyu a ciki. Ta ajiye, ta tsaya a kaina tana duba kan. Ta ce wannan layin ya karkace, in warware in sake.

Na warware na sake.